JIRGIN JAMUS MAI SHUKA NAKIYA A TEKU

A shekarar 1915, Yaƙin Duniya na Farko yana tsaka, Jamusawa suka ƙera wani ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa da suka sa wa lamba UC. Guda 15 aka fara yi, goma a Hambug, biyar a Biremen. Tsawon kowanne bai wuce ƙafa 112 ba, mutum 14 ke cikinsa, saurinsa kuwa ko mai keke zai tsere masa. Ba a yi shi don ya tari abokan gaba fuska da fuska ba. Aikinsa shi ne ya lallaɓa bakin tashoshin Ingila ya shuka nakiya, ya sulale.

Dabarar tana gaban jirgin. Ramuka shida aka huda a karkace daga sama har ƙasa, kowanne yana ɗauke da nakiya biyu, 12 ke nan. In an saki nakiya sai ta nutse ƙasa tare da angarta, jim kaɗan ta taso a kan igiyar ƙarfe ta tsaya ƙarƙashin ruwa, tana jiran jirgin da ajali ya kira. Amma da mugun aibi a ciki. Ramukan kullum cike suke da ruwa, saboda haka tun a tasha ake daidaita zurfin da nakiya za ta tsaya, kuma in an fita teku babu mai iya sa mata hannu. Wani lokaci takan taso da wuri alhali jirgin yana bisa kanta. Haka UC-12 ya hallaka a bakin Taranto ta Italiya cikin Maris 1916, nakiyarsa ce ta ci shi. UC-5 kuwa kafewa ya yi a rairayi kusa da gaɓar Ingila a watan Afrilu na shekarar, Ingilishi suka kama shi suka kai Landan, jama'a na biyan kuɗi suna kallo.

Mai karatu zai ce ina ruwan ƙasar Hausa da wannan? To, da ruwanta. Jamusawa sun mai da waɗansu jiragen UC na dakon kaya, suna kai wa Sanusiyya bindigogi da harsashi a gaɓar Libiya. Sanusiyyan nan su ne suka ɗaure wa Kawusan gindi, jagoran Buzayen da ya kewaye barikin Faransawa a Agadas daga Disamba 1916. Hankalin Turawan Nijeriya ya tashi ƙwarai, har suka tura soja ƙetaren iyaka don taimakon Faransa. Sai cikin Maris 1917 rundunar da ta taso daga Damagaram ta karya kewayen, kuma abin da ya biyo baya ya yi muni, domin an kashe malamai da yawa a Agadas.