Gigin tsufa ciwo ne, ba maita ba ce

Mun san yadda tsufa ke taɓa jiki. Gashi ya yi fari, ido ya rage gani, ƙafa ta yi nauyi. To, ƙwaƙwalwa ita ma tana tsufa.

In mutum ya haura shekara 60, tunaninsa yakan rage sauri. Ya nemi sunan wani ya rasa, sai can da dare sunan ya faɗo masa. Ya manta inda ya aje carbinsa. Wannan ba ciwo ba ne. Abin da ya sani tun da daɗewa yana nan daram: iyakar gonaki, asalin dangi, yadda aka sha yunwar 1973 da ta 1984. Shi ya sa in rigimar gona ta tashi ake kiran tsofaffi. Kuma tsoho yana iya koyon sabon abu, in an bi shi a hankali.

Amma akwai wata mantuwa dabam. Tsohuwa ta ci tuwo yanzu, ta ce ba a ba ta ba. Ta tambayi abu guda sau goma. Ta tafi rijiya, ta rasa hanyar gida, a garin da aka haife ta. Shekara na tafiya, abin na ƙaruwa, har ta kasa gane ɗan cikinta. Wannan shi ne gigin tsufa.

Likitoci sun ce ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke lalacewa kaɗan-kaɗan. A shekarar 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya yi bayanin irin da ya fi yawa, aka sa wa ciwon sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ke da gigin tsufa a duniya. Ba kowane tsoho ke kamuwa ba. Akwai masu shekara 90 da hankalinsu garau.

Ga inda muke yin kuskure a garuruwanmu. Mai wannan ciwo takan tashi tsakar dare ta yi ta yawo. Takan yi zance da mijinta da ya rasu tuntuni. In an gan ta a bayan gidan wani, ba ta iya faɗin abin da ya kai ta, sai a ce mayya ce. Yara su jefe ta, manya su guje ta. Alhali baiwar Allah ko inda take ba ta sani ba. Wata kuma takan ɓoye kuɗinta ta manta, sai ta ce matar ɗanta ta sace. Ɗan ya yarda da uwarsa, aure ya mutu a banza. Ba ƙarya take yi da gangan ba. Ciwon ne.

Har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da ciwon Alzheimer ba. Duk da haka a kai mutum gidan likita, don ba kowace ruɗewa ce gigin tsufa ba. In tsoho yana lafiya jiya, yau ya rikice, a nemi dalili: zazzaɓi, ciwon fitsari, rashin shan ruwa cikin zafin bazara, ko wani magani da ya sha. Waɗannan ana maganinsu, hankali ya dawo. In baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, kada a jira gobe.

Baƙin ciki ma yana kama da gigi. Tsoho matarsa ta rasu, ƴaƴa sun tafi ci-rani Legas ko Abijan. Ya daina zuwa dandali, ba ya ci, ba ya barci, kome aka tambaye shi ya ce bai sani ba. Sai a ce tsufa ne. A'a, wannan ma ciwo ne, kuma yana da magani.

Rigakafi tun ana da ƙarfi ake fara shi. Hawan jini yana lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ga shi mutum ba ya jin kome a jikinsa. Wanda ya kai shekara 40 ya riƙa zuwa ana auna jininsa. A rage gishiri da dunƙule a miya. A bar taba. Mai ciwon sukari ya bi maganar likita. Tsohon da kunnensa ya yi nauyi, a nema masa taimako, kada a bar shi shi kaɗai a zaure.

In ciwon ya riga ya shiga gida, kada a yi gardama da mai shi, kada a ɗaure shi. A yi masa magana gajera, cikin sanyin murya. A nisanta shi da wuta da bakin rijiya. Ɗawainiyar tana da nauyi ƙwarai, kada a bar wa mace guda, a riƙa karɓa-karɓa. Ku da kuka iya rubutu, ku rubuta sunansa, da sunan gari, da lambar wayar wani ɗan'uwa a ƴar takarda, ku ɗinke masa ita a aljihun riga.