Tsohon Hukuncin Bashi: Wa Ke da Ikon Kwashe Maka Kaya?

Bashin da kotu ta tabbatar ba ya mutuwa don an kwana biyu. Amma ba duk wanda ya tsaya a ƙofar shagonka yana ɗaga murya, yana kaɗa kwafin takarda, ke da ikon taɓa ko da kujera ɗaya ba. Yaran mai bin bashi, ko kamfanin da aka ba kwangilar karɓo kuɗi, iyakarsu su yi maka magana. Kwashe kaya aikin ma'aikatan kotu ne, su ma sai da takardar umarni daga kotun.

Saboda haka kafin gardama, kafin rantsuwa, ka nemi abu uku: sunan kotun, lambar shari'ar, da ranar hukunci. Ka je wurin magatakardan kotun ka karɓi kwafin da aka buga wa hatimi. Ranar nan ita ce ƙashin bayan maganar. A ƙa'idojin aiwatar da hukunci na Najeriya, mai bin bashi yana da shekara 6 daga ranar hukunci ya nemi a kama dukiyar wanda ake bi, shekara 2 kuma idan jikin mutumin ake nufi. Bayan nan sai ya koma ya nemi izinin kotu. Mai hukuncin 2014 da ya taso yau, to ya nuna izinin tukuna.

Ko da takardunsu sun cika, akwai iyaka. Ba a aiwatar da hukunci ranar Lahadi ko ranar hutu, ko kafin ƙarfe 6 na safe, ko bayan 6 na yamma, sai da umarnin alƙali. Kayan da aka kama ba a kai su gwanjo sai bayan kwana 5, in ba masu lalacewa ba ne. Gida da fili kuwa sai kayan ɗauka sun kasa biya. In aka haɗa da keken ɗinkin matarka ko firjin maƙwabci, mai kayan yana iya shigar da ƙorafi a kotu ya ce nasa ne. Doka ta keɓe tufafi da shimfiɗa da kayan sana'a, amma na naira 10 kacal, adadin da yau ko ruwan leda ba zai saya ba. Majalisa ta yi barci a nan.

Barazanar 'yan sanda fa? Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan rikicin bashi zalla, ta kuma hana kama ɗan uwa a madadinsa.

Abin da ya fi cin mutane shi ne ɓuya. Kana kashe waya, mai bin bashi kuwa yana kotu yana neman a riƙe kuɗinka da ke banki, sai dai ka je cirewa ka tarar asusun a rufe. In bashin gaskiya ne, ka tattaro rasit na duk abin da ka taɓa biya, ka duba kuɗin ruwan da aka ɗora ko yana cikin hukuncin, sannan ka roƙi kotu ta yarje maka biya kaɗan-kaɗan. Kada ka damƙa wa ɗan aike ko sisi ba rubutu. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a na jiharsa.