Ranar da na nemi likita nesa da Zongo

A Zongon Kwatano, in aka hango ka ƙofar asibitin Jacquot da hantsi, kafin la'asar an gama cewa ka taɓu. Shi ya sa da mantuwa da rashin natsuwa suka fara ja mini asara a wurin canji, na hau zem zuwa wani asibitin kuɗi can nesa da unguwa.

Zama uku muka yi da likitar, har ƙuruciyata ta tono, kafin ta ce TDAH ne, wato larurar kasa tattara hankali. Ni kuwa tambayata ɗaya: wa zai ga takarduna? Aurena ya matso, dangin yarinya na ta bincike.

Ta ce sirrin majiyyaci wajibi ne a kanta, kuma dokar Code du numérique ta 2018 ta kare bayanan lafiya, hukumar APDP ke sa ido. Duk da haka kuɗi hannu na biya, ban bi ta inshora ba.

Maganin methylphenidate ne, sai da takardar likita. Wani aboki ya ce a leƙa Dantokpa, na ce a'a, wallahi.

Abin da ya rage, ita amaryar. Har yau ban faɗa mata ba.