Haƙorin Kare Ko Na Kyanwa In Ya Karye: A Cire Ko A Gyara?

Sau da yawa mutum yakan biya ta wurin mahauta a kan hanyarsa ta komawa gida, ya karɓi ƙashin ƙafar sa ko kofato don ya kai wa karensa tsaraba, yana ganin ya kyautata masa, alhali kuwa abin da ya ɗauko yana da taurin da zai iya karya haƙorin da zai tauna shi. Kare kuwa, da yake Allah bai hore masa hankalin auna ƙarfin muƙamuƙinsa ba, sai ya danne ƙashin da ƙafafunsa na gaba, ya kai shi can ƙuryar baki, ya yi ta gwaguya har a ji ƙas, maigida ya zaci ƙashi ne ya fashe, ashe haƙori ne ya tsage. Kashegari kare ya ci tuwonsa sarai, ya kaɗa wutsiya, ya yi haushinsa kamar kullum, sai a ce ai lafiya lau, a manta da batun.

Kafin a kai ga hukunci, wajibi ne a san yadda aka ƙera haƙori. Babban kare yana da haƙora 42, kyanwa kuwa 30, kuma kowane ɗaya hawa uku ne: farin ɓawo mai ƙyalli a waje, wanda a kare kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, sai wani sashe mai kama da ƙashi a ƙarƙashinsa, sa'an nan a can tsakiya akwai rami siriri inda jijiya da hanyoyin jini suke, wato ɓargon haƙori. Duk mas'alar ta rataya ne a kan wannan ɓargo. Idan karayar ta tsaya a ɓawo, sha'anin da sauƙi, domin likitan dabbobi zai goge kaifin, ya shafe wurin da abin toshewa, ya ce a dinga lura. Amma idan aka ɗaga leɓe aka ga ɗigon ja a tsakiyar karayar, ko baƙin ɗigo in an kwana biyu, to ƙofa ta buɗe, ƙwayoyin cutar da ke cikin baki za su bi ramin su gangara har ƙarshen saiwa, ɓargo ya mutu, mugunya ta taru a cikin ƙashin muƙamuƙi, kuma babu wani magani na sha ko na allura da zai rufe wannan ƙofa; iyakarsa ya kwantar da kumburi na ɗan lokaci, da an daina ciwo ya dawo. Haka nan haƙorin da bai karye ba amma ya rine ya koma ruwan toka ko shunayya bayan buguwa, galibi a mace yake. Ita kyanwa ma abin nata ya fi tsanani, saboda ɓargon fiƙarta yana zuwa dab da tsini, ɗan guntun da ya ɓalle in ta faɗo daga kan katanga ya isa ya tone shi.

Abin da ke ruɗin jama'a shi ne shirun dabba. Wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ya san azabar da ake nufi, jijiyar da ke bakin kare kuwa irin tamu ce, illa dai shi ɗabi'arsa ce ya ɓoye rauni, ya koma taunawa da gefe guda, ya ci gaba da cin abinci domin yunwa ta fi ciwon ƙarfi. Mai lura ne kaɗai zai ga ya fara sakin abinci daga baki, ko dalala, ko warin baki, ko ya ƙi yarda a shafa masa fuska. Wani lokaci sai a ga kumburi a ƙarƙashin ido, ya fashe, ya warke, ya sake fashewa, a yi ta shafa masa magani ana cewa ƙurji ne, alhali asalinsa saiwar babban turmin sama ce ta ruɓe. Malamai sun tabbatar da cewa wanda ya mallaki dabba ciyar da ita da kau da cuta daga gare ta hakki ne a wuyansa, kuma sanannen abu ne a hadisi an azabtar da wata mace saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, an kuma gafarta wa wani saboda karen da ya shayar. A nawa ganin, da zarar ɓargo ya bayyana, zancen “a bar shi mu gani” ya fita daga lissafi, hanya biyu ce ta rage, kuma abin nema shi ne mafi sauƙin cutarwa a cikinsu.

Hanya ta farko ita ce gyara. Likita zai sa dabba barci da banju, ya ɗauki hoton saiwa, ya kwashe mataccen ɓargon da wasu siraran allurai, ya wanke ramin, ya cike shi, ya toshe bakinsa, haƙori ya zauna a mazauninsa ba rai amma yana aiki. Idan dabbar ƙarama ce, ba ta wuce shekara ɗaya da rabi ko biyu ba, aka kuma kai ta cikin kwana biyu da karayar, ana iya yanke saman ɓargon kawai a rufe sauran da ransa, domin haƙorin ya ci gaba da yin kauri. Sai dai wannan hanya tana da sharuɗɗa masu nauyi: tana bukatar likitan da ya ƙware a haƙoran dabbobi da na'urar hoton haƙori, waɗanda ba a kowane gari ake samunsu ba, kuɗinta yakan fi na cirewa, kuma dole a koma bayan wata shida zuwa shekara a sake sa barci a ɗauki hoto, a tabbata saiwa ta lafa. In karayar ta tsaga har ƙarƙashin dasashi, ko ƙashin da ke riƙe da haƙorin ya riga ya zaizaye, gyara ya zama zubar da dukiya.

Hanya ta biyu ita ce cirewa, wadda falalarta ita ce yanke ciwo daga tushe a zama guda. Amma kada mai karatu ya ɗauka aikin awartaki ne, ko ya kira wanzami ya ce a fizge. Saiwar fiƙar kare ta fi abin da ake gani a waje tsawo, babban turmin sama kuwa saiwa uku gare shi, sai an tsaga dasashi, an raba haƙorin gida-gida, an zaro kowace saiwa dabam, sa'an nan a ɗinke. Guntun da aka bari a ciki shi zai ci gaba da ruɓa. Fiƙar sama tana maƙwabtaka da kogon hanci, in hannu bai iya ba sai a huda tsakani, abinci ya dinga bi ta hanci. Ta ƙasa kuwa ita ce ginshiƙin haɓa, cire ta da ƙarfi a ƙaramin kare yana iya karya muƙamuƙi, bayan an cire ta kuma harshe yakan dinga leƙowa ta gefen.

To, da me za a auna? Da matsayin haƙorin, da aikin dabbar, da halin mai ita. Ƙananan haƙoran gaba da ƙananan na gefe ba su cancanci wahalar gyara ba, a cire su a huta, domin giɓi ba aibi ba ne ga kare, ba ya neman aure da murmushi, kuma dabbar da ake zuba wa abinci a kwano tana rayuwa lafiya ko da ta rasa haƙora da dama. Haƙorin nono na ɗan kwikwiyo ma in ya karye cirewa ake yi, don kada ruɓarsa ta lalata na dindindin da ke tahowa a ƙarƙashi. Inda tunani yake tsawaita shi ne fiƙoƙi huɗu da manyan turame, musamman ga karen farauta ko na gadi wanda kamu shi ne sana'arsa, kuma yana da sauran ƙuruciya. Irin wannan, in akwai gwani kusa kuma aljihu zai ɗauka, gyara ya fi. Tsohon kare mai ciwon zuciya ko ƙoda, wanda kowace sa barci kasada ce gare shi, aiki guda da ba a komawa ya fi masa alheri. Wanda ya san ba zai iya komawa ɗaukar hoto ba, ko ba zai iya raba karensa da gwaguyar sarƙa da duwatsu ba, ya gaya wa likita gaskiya tun farko, ya zaɓi cirewa ba tare da jin ya gaza ba.

Kafin a isa asibiti, kada tausayi ya sa a ɗauko maganin mutane a ba dabba, domin farasitamol ƙwaya guda tana iya kashe kyanwa, ibufurofen kuma yana ƙona tumbin kare ya taɓa ƙodarsa. Bayan aiki, a ba ta abinci mai laushi kamar mako biyu har ɗinki ya kama, a ɗauke mata ƙaho da kofato da ƙashin ƙafar sa. Duk abin da aka danna da farce bai lotsa ba, a san ya fi ƙarfin sauran haƙoran da suka rage.