Karatun likitan haƙori a Amurka: hanyar ƙaramar kwaleji tana da araha, amma a duba kafin a biya

Iyaye da yawa a Agege, Idi-Araba da Sabon Ibadan suna da ɗa ko ƙani a Amurka, kuma idan ya bugo waya ya ce ya shiga kwalejin shekara biyu alhali likitan haƙori yake son zama, sai hankali ya tashi, a ɗauka ya sauka daga layi. Bai sauka ba. Tsarinsu ne daban da namu.

A nan gida yaro ya gama sakandare, ya ci JAMB, sai ya wuce Jami'ar Legas ko ta Ibadan ko Bayero ya yi shekara 6. A Amurka kuwa ba a shiga makarantar haƙori daga sakandare. Yawanci sai ka yi digiri na farko na shekara 4, sannan ka nemi gurbi, ka ƙara wasu 4 kafin a ba ka DDS ko DMD. A cikin digirin farkon nan ake so ka ci wasu darussan kimiyya: bayoloji, kemistiri, oganik kemistiri da fiziks, galibi kowanne zango biyu haɗe da aikin ɗakin gwaji, sai Turanci. Makarantu da dama suna ƙara bayokemistiri.

To a nan ƙananan kwalejojin suke shigowa, irin su Hostos da ke Bronx a Niyok, unguwar da 'yan Afirka ta Yamma suka yi yawa. Kuɗinsu bai kai na jami'a ba, ajin ba cunkoso, ga darussan yamma ga mai fita aiki da rana. Mai tuƙa tasi ko tsaron shago, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai fa ba kowace makarantar haƙori ce ke kallon sakamakon nan da ido ɗaya ba. Wasu suna karɓa ba gardama, wasu sun sa iyaka ga yawan darussan da za ka kawo daga can, wasu kuma sun fi son ka yi kimiyyar a cikakkiyar jami'a. Mu 'yan kara mun sani, ba ka loda shanu a mota sai ka ji abin da kasuwar da za ka take nema. Haka nan ma: ka buɗe shafin kowace makarantar da kake hari, ka karanta sharaɗinta tun kafin ka biya kuɗin zangon farko. A ganina, wanda ya fara a ƙaramar kwaleji ya bar manyan darussa kamar bayokemistiri sai ya koma jami'a, don masu tantancewa su ga makinsa bai faɗi ba da karatu ya yi nauyi.

Wani abin da yara ke raina shi ne, maki ba ya ɓacewa. Ranar neman gurbi ta tsarin AADSAS, sai ka kawo sakamakon duk kwalejin da ka taɓa zama, har darasin da ka faɗi ka maimaita, duka ana lissafawa.

Sannan ga jarrabawar DAT, wadda kowa ke zaunawa ko daga ina ya fito. Akwai bayoloji da kemistiri biyun nan, da lissafi, da fahimtar karatu, da gwajin gane siffofi da ido. Babu fiziks a ciki. Maki mai kyau a nan yana rufe bakin mai shakkar kwalejin da ka fito.

Wanda kuma zai tafi da bizar ɗalibi ya sani ba kuɗin 'yan gari zai biya ba, nasa ya fi yawa, kuma ba ya samun bashin karatu na gwamnatin tarayyarsu.