Dajin da aka yi wa Yamai ɗamara da shi: me ya sa filayen shan iska ke ɓacewa a biranenmu?

Duk wanda ya shiga Yamai ta gabas ko ta arewa zai ratsa ta wasu layukan itatuwan dogon yaro, waɗanda gidaje da shaguna da tarin shara suka kutsa cikinsu. Ragowar wani babban shiri ne da gwamnatin Nijar ta soma a 1965, wanda a Faransanci ake kira Ceinture verte, wato koriyar ɗamara. Labarin wannan daji ya shafi kowane birni na yankinmu da ke faɗaɗa kullum, daga Maraɗi da Damagaram har Garwa da Injamena.

Mene ne aka so a yi tun farko?

Manufar ita ce a kewaye birnin da itatuwa masu tsawon kilomita 25 da faɗin kilomita 1, wato kimanin hekta 2,500. An so dajin ya tare ƙurar hunturu da guguwar farkon damina, ya rage zafi, ya kuma zama iyakar da gine-gine ba za su ƙetare ba. An ɗauki shekaru kusan 30 ana dashen, har zuwa farkon shekarun 1990, kuma dogon yaro ya fi yawa saboda yana jure fari.

Lokacin samun ƴancin kai a 1960, mazauna Yamai ba su kai dubu 50 ba. Ƙidayar 2012 ta nuna sun haura miliyan 1. Dajin da aka dasa a bayan gari sai ya wayi gari a tsakiyar unguwanni, kuma yau babban ɓangarensa ya zama gidaje.

Ina gizo ke saƙar?

Mutane kan ɗora laifin kan masu saran itace da baƙin da fari ya koro daga karkara. Suna da nasu kason, amma tushen matsalar mallakar ƙasa ce. An dasa itatuwan ne a gonakin da iyalai suka gada kaka da kakanni, ba tare da an kammala biyansu diyya an mayar da filin hannun hukuma a rubuce ba. Muddin filin yana nesa da gari, babu wanda ya damu. Da gari ya iso, kowane taku ya zama kuɗi, magada suka tashi neman haƙƙinsu, wasu suka yanka suka sayar. Dokar ƙasar karkara ta 1993, wadda ta amince da mallakar gado, ta ƙara musu ƙarfin hujja.

Su ma hukumomi ba su tsira ba. Yanka filaye na daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin ma'aikatun magajin gari, kuma akwai lokacin da gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashinsu da filaye. A irin wannan yanayi, wurin da aka bari babu gini sai a riƙa kallonsa kamar dukiyar da aka yi sakaci da ita.

Me shirin dogon zango ya ƙunsa?

Masana tsara birane kan yi hasashen shekaru 20 zuwa 30: mutum nawa za su ƙaru, ta wace kusurwa gari zai miƙe, ina ruwa ke bi in an yi mamako. Daga nan sai a keɓe filayen jama'a tun ƙasar tana da araha, a biya masu ita, a kafa duwatsun iyaka, a yi rajista da sunan hukuma. Bayan haka ne ake maganar dashe, da rijiyar ban ruwa, da masu gadi, da kuɗin kula na kowace shekara. Nijar na bikin dashen itace kowace ranar 3 ga Agusta tun 1975, amma dashe aikin yini ɗaya ne, reno kuwa na shekaru ne.

Filin jama'a bai tsaya ga lambun furanni ba. Filin idi, da dandalin unguwa, da filin ƙwallon matasa, da fagen kokawa, da fadamun masu noman rani duk suna ciki. Kwarin Gunti Yena da ya ratsa Yamai misali ne: lambuna ne a lokacin rani, hanyar ruwa ce da damina. In aka cike irin wannan wuri da gini, ruwa ba ya fasa hanyarsa. Ambaliyar 2020, lokacin da kogin Isa ya fasa madatsa ya mamaye unguwanni kamar Lamorde, ta nuna tsadar zama a inda ya kamata a bar wa ruwa.

Yaya maƙwabta suka yi?

Wagadugu ta soma tata ɗamarar a 1976 da burin hekta 2,100, aka dasa kusan rabi, sannan ita ma ta sha mamaya. Amma a tsakiyar birnin akwai dajin Bangr-Weoogo mai faɗin sama da hekta 200, wanda yake nan daram. Tun zamanin mulkin mallaka aka yi masa rajista, a 2001 aka danƙa shi ga hukumar birnin, yana da shinge da ma'aikata, ɗalibai da masu motsa jiki na shigarsa kullum.

A Bamako, an buɗe babban lambun ƙasa a 2010, lokacin cikar Mali shekaru 50 da samun ƴanci, tare da gidauniyar Aga Khan. Kuɗin shiga da na wuraren cin abinci suna taimakawa wajen kula da shi. Sai dai wannan hanya tana da nata cikas, domin magidanci mai ƴaƴa bakwai ba kullum zai iya sayen tikiti ba. Shi ya sa babban lambu ɗaya ba ya maye gurbin ƙananan filaye na kyauta a cikin unguwanni.

Abin da wuraren da suka tsira suka yi tarayya a kai shi ne takarda tabbatacciya, da hukumar da aka san ita ke da alhaki, da jama'ar da ke amfana da su. Filin da yara ke wasa a cikinsa kowace yamma yana da masu tsaya masa.

Me mazauna unguwa za su iya yi?

Duk taswirar yanka filaye da aka amince da ita tana nuna wuraren da aka ware wa makaranta, da asibiti, da kasuwa, da filin shan iska. Sau da yawa waɗannan ne ake sauya wa manufa a ɓoye bayan ƴan shekaru. Mai unguwa da limamai da ƙungiyoyin matasa da na mata za su iya neman ganin taswirar a ma'aikatar magajin gari, su san iyakar filinsu, su dasa itatuwa a gefensa, su kafa ragar ƙwallo a ciki. Wannan ya fi muhimmanci a sababbin unguwannin bayan gari, inda har yanzu ƙasar ba ta yi tsada ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma filin da aka zuba wa harsashin gini da wuya ya sake komawa hannun jama'a.