Riƙo da Tunanin Gida: Matsayin Ɗan Riƙo a Gidan Kirista Bahaushe

Gabatarwa

Riƙo tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kuma da wuya a sami zuriyar da ba ta taɓa bayar da ɗa ko ta karɓa ba. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba wani ɓangare na al'adar wanda ba a cika tattauna shi ba, watau halin yaron da ya shiga hannun mariƙi Kirista bayan ya yi wayo, yana sane da uwarsa da ubansa da garinsu. Tambayar ita ce: me ya kamata mariƙi ya yi da wannan tunani na yaro? Ya danne shi ne, ko kuwa ya raya shi?

Riƙo a Al'adar Bahaushe

A garuruwa irin su Birnin Tudu da Bakura da Talata Mafara da Maradun, kamar sauran ƙasar Hausa, dalilan riƙo sanannu ne. Akwai kunyar ɗan fari, wadda kan sa a miƙa yaro ga kaka tun daga yaye. Akwai tausaya wa 'yar'uwar da Allah bai ba ta haihuwa ba. Akwai kuma maraici da mutuwar aure. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya nuna yadda matar da ba ta haihu ba takan riƙi 'ya'yan dangi har ta aurar da su.

Abin lura shi ne riƙon Bahaushe ba ya yanke asali. Yaro yakan kira mariƙiyarsa inna ko gwaggo, amma ya san mahaifiyarsa, ana kuwa kai shi ya gaishe ta. Shari'ar Musulunci ta ƙarfafa wannan, domin aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umurni a riƙa danganta ɗan riƙo ga mahaifinsa, kuma riƙo ba ya sa gado. Tsarin Turawa ya sha bamban. Dokar da Ingila ta yi a 1926 ta mai da haƙƙin iyaye kacokan ga mariƙa, sai a 1975 aka ba wanda aka riƙa damar ganin takardar haihuwarsa ta asali idan ya kai shekara 18. Kirista Bahaushe ya sami kansa tsakanin waɗannan hanyoyi biyu, ɗaya ta kakanninsa, ɗaya kuma ta waɗanda suka kawo masa bishara.

Misalin Dorugu

Babu misalin da ya fi dacewa da ɗalibin Hausa kamar na Dorugu. An haife shi wajajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance ta ƙasar Damagaram. Yana yaro aka kama shi bawa aka kai shi Barno, inda Baturen Jamus Adolf Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai ya koma hannun Heinrich Barth, wanda ya tafi da shi Ingila a 1855 tare da abokinsa Abbega. A can ya zauna shekaru a gidan limamin mishan J. F. Schön, aka kuma yi masa baftisma da sunan James Henry.

Schön bai nemi ya mantar da yaron gida ba. Zaunar da shi ya yi yana ba da labarin ƙuruciyarsa da iyayensa da yadda aka kama shi, shi kuwa yana rubutawa da Hausa. Wannan labari yana cikin Magana Hausa na 1885, kuma daga bakin Dorugu Schön ya sami da yawa daga abin da ya gina nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876. Gaskiya ne Schön yana da tasa bukata, domin harshen yake nema saboda aikin fassara. Duk da haka, sauraron da ya yi wa yaron shi ya sa Dorugu bai rasa harshensa ba. Ya komo gida a 1864, daga baya ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa ta Kano, ya rasu a 1912.

Ba kowane yaro ya yi wannan dace ba. Bayan zuwan Turawa an buɗe gidajen renon 'yantattun bayi, kamar na gwamnati a Zungeru da wanda mishan ɗin S.U.M. ta buɗe a Rumasha a 1909. An ceci rayukan yara a gidajen nan, an koya musu karatu da sana'a. Sai dai yaron da aka tara shi da ɗaruruwan yara masu harsuna dabam-dabam, aka sauya masa suna, ba shi da wanda zai zauna ya ji labarin garinsu.

Abin da Littafi Mai Tsarki Ya Nuna

Wanda ya duba Littafi Mai Tsarki zai ga bai goyi bayan shafe asali ba. A Littafin Fitowa, 'yar Fir'auna ce ta riƙi Musa, amma mahaifiyarsa ce ta shayar da shi, da ya girma kuma ya san 'yan'uwansa. Esta marainiya ce, ɗan ɗan'uwan mahaifinta Mordekai ya riƙe ta kamar 'yarsa, sanin asalinta kuwa shi ya sa ta tsaya wa jama'arta a gaban sarki. Har ila yau, a wasiƙunsa ga Romawa da Galatiyawa da Afisawa, Manzo Bulus ya kwatanta mai bi da wanda Allah ya karɓa ya mai da shi ɗa. Ke nan a koyarwar Kirista ɗan riƙo ba ragaggen ɗa ba ne. Daɗin daɗawa, umurnin girmama uwa da uba yana kan yaron, kuma ba zai girmama waɗanda aka hana shi ambato ba.

Matsaloli da Mafita

Wuyar al'amarin tana zuciyar mariƙi. Matar da ta yi ɗawainiyar ci da sha da jinya, in ta ji yaro yana kukan innarsa, takan ɗauka butulci ne. Alhali kuwa ba a raba hanta da jini. Kewa ce, ba raini ba. Yaron da aka tsawata wa don ya ambaci gida yakan yi shiru, amma ya daina sakin jiki, wani ma ya gudu in ya tasa.

Mafita ta farko ita ce gaskiya: kada a gaya wa yaro ƙarya game da iyayensa, kada kuma a zage su a gabansa ko da sun yi laifi. Ta biyu, a bar masa sunansa na yanka da harshensa. Ta uku, in dangi suna raye kuma babu cutarwa, a kai shi ziyara, tun da zumunta a ƙafa take. Ta huɗu ta shafi addini, ita ce kuma mafi nauyi inda Musulmi da Kirista suke zaune tare. In yaro ya fito daga gidan da addininsu ya bambanta da na mariƙi, wajibi ne a daidaita da danginsa tun farko, a gaban shaidu da hukuma. Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta sa maslahar yaro a gaba da komai.

Kammalawa

An ga cewa al'adar Bahaushe da koyarwar Littafi Mai Tsarki sun haɗu a kan abu guda: riƙo ƙarin iyaye ne, ba musanyarsu ba. Ɗa na kowa ne, amma yana da tushe. Ya rage ga manazarta su tattara labaran waɗanda aka riƙa a Wusasa da sauran garuruwan Kiristocin Hausa tun tsofaffin da suka san su suna raye.